Gammon Tsoho Sikeli

Duk wanda ya ce shi ya fara lura, ƙarya yake shirgawa. Tsoho Sikeli ne ya fara gani, tun suna tsaye a bakin ƙofar filin jirgi, kafin 'yarsa mai karatu ta gani, kafin ma'aikatan nan masu ɗamammun riguna su taɓa takarda ko ɗaya. Katin shiga jirgi uku ta miƙa masa ya riƙe mata, don ta gyara goyon da ke zamewa. Ya duba ƙasan katunan, ya ga lambobi. Shida. Shida. Ashirin da tara.

Bai taɓa zama a aji ba, kuma bai taɓa jin kunyar faɗa ba. Amma shekara arba'in da ɗaya ya yi yana dako a tashar manyan motoci, kuma babu buhun da ke zuwa ba lamba a jikinsa. Harafi ba ruwansa da shi. Lamba kuwa, ko a kife aka rubuta ta sai ya karanta. Sikelin ma ba sunansa ba ne na gaskiya. Mutanen tasha ne suka laƙaba masa, domin in ya ɗaga kaya ya faɗi nauyinsa, sikelin ƙarfe sai dai ya maimaita abin da ya ce.

Ya nuna wa 'yar tasa, ya tambaye ta na wane ne mai ashirin da tara. Ta karɓa ta duba, ta ce nasa ne. Ta ce jirgin mai araha ne, irin wanda kujera kaɗai yake sayar wa mutum. In kana son zaɓen inda za ka zauna, wannan ciniki ne daban, kuma mijinta bai yi shi ba. Na'ura ta haɗa ta da yarinyarta a layi na shida, ƙaramin ɗanta a cinya zai zauna, shi kuwa ta jefa shi can baya.

"Awa ɗaya da rabi ce kawai, Baba," in ji ta.

Kawai. Ita ce fa duk abin da ya rage masa.

Surukinsa mai walda ne. Shekara uku yana aiki a wani gari mai nisa, yana leƙo gida sau biyu a shekara, sai bana ya samu ɗaki da falo ya ce a kawo masa iyalinsa. Mace ɗaya ba za ta iya da yara biyu da kaya ba, shi ya sa aka yanka wa tsoho tikitin rakiya. Jirgin da ya kai su shi zai juyo da shi da yamma. Surukin zai tarye su a bakin ƙofa da motar haya, don daga filin jirgin can ma da sauran tafiya. Wato ana sauka, an rabu.

Yarinyar shekararta shida, kuma duk shidan a gidan tsoho ta yi su. Uwargida yake kiranta don tsokana, ita kuma ta murguɗa baki ta ce ba ta auren mai sanƙo. A babban yatsansa ta koyi tafiya. Har yau in za su tsallaka titi, ba hannunsa take kamawa ba, yatsan nan take dunƙulewa a tafinta. Kwana uku kafin tafiyar, jirgi ya wuce ta saman gida, ta bi shi da kallo har ya ɓace, sannan ta tambayi tsoho in jirgi ya tashi da su ya karkata, me za ta riƙe. Ya miƙa mata yatsan. Ya ce wannan ya riƙe igiyar lodi ranar da mota ta kife a kan gada, jirgi ba zai gagare shi ba. Ta ce ya rantse zai zauna kusa da ita. Ya rantse.

To ga shida, ga ashirin da tara.

A wurin awon kaya aka fara. Tun a gida ya ɗaga babban akwatin ya ce ya haura da kilo biyu da rabi. 'Yar ta ce ta auna a sikelin maƙwabciya. Ya ce sikelin maƙwabciya mai neman a so shi ne. Yanzu ga akwati a kan sikelin kamfani, ga jajayen lambobi sun fito, ashirin da biyu da rabi, alhali ashirin aka yarje. Ma'aikaciyar da ke bayan kanta ta ce ko a biya ko a rage. Tsoho ya dubi 'yarsa. Tari ya yi sau ɗaya, kuma ya wadatar.

Suka ja gefe suka buɗe akwatin a ƙasa, mutane na ratsa su da amalanken kaya, wasu na tsaki. Ga kayan yara, ga ƙaramar tukunya, ga hoton marigayiya matarsa a cikin gilashi, an naɗe shi da tawul. Ya riƙa ɗaga abu ɗaya-ɗaya yana jijjigawa a tafi. Ya ɗora rigar sanyin surukinsa a kan tasa rigar duk da zafin da ake yi, ya cusa takalman yara a aljihunan riga da na wando, ya yafa wa Uwargida zanen gado kamar wata tsohuwa. Aka mayar da akwati. Ashirin cif. Ma'aikaciyar ta dubi sikeli, ta dube shi, ta yi murmushi. Ya ga ƙofa ta buɗe, sai ya tura mata katinsa ya ce ta taimaka ta mayar da shi shida. Ta ce ba a hannunta yake ba, a waya ake yi, kuma an riga an rufe. Kafin ya sake magana ta kira na bayansa.

Sai layin bincike. A cire takalmi, a cire bel, a zuba komai a roba. Suka ƙwace gorar ruwan da ya cika tun da safe, suka bar ta ƙaramin bayan sun jujjuya ta a haske. Ƙaramin, wanda tsoho ke kira Ɗan Rigima, ya ga motarsa ta roba ta shige baƙin ramin na'ura, ya ware maƙogwaro har sai da ta fito ta ɗaya gefen. Wani jami'i ya ɗaga naɗaɗɗen tsumma daga robar tsoho da yatsu biyu, ya tambaya mene ne wannan.

Gammo ne. Wanda ɗan dako ke ɗorawa a ka kafin kaya. Wannan shi ne na ƙarshe, marigayiya ta naɗa masa da tsohon zanenta, kuma ko da ya bar tasha bai taɓa fita gida ba shi ba. Jami'in ya matsa shi, ya mayar.

Da ya bi ta ƙofar ƙarfen nan, ta yi ƙara. Ya koma ya dawo, ta ƙara yi. Ya daki cinyarsa ya ce ƙarfe ne a ciki, ya kuma ba jami'in labarin ko yana so ko ba ya so. Yadda ya gaya wa direba an danne lodi gefe ɗaya aka yi masa dariya. Yadda motar ta kwanta a kwanar gada. Su bakwai ne a saman kaya, biyu suka tashi, kuma ɗayan ma bai kai baɗi ba. Jami'in ya ce Allah ya ƙara lafiya, Baba, matsa gaba.

Ƙofar jirginsu ita ce ta ƙarshe. Sun wuce shagunan turare masu ƙyalli, sun wuce inda masu hawa manyan jirage ke zaune a kujeru masu laushi, sun sauka bene, sai ga wani ɗaki mai ƙarancin kujeru da yawan mutane. A nan lasifika ta ce jirgin zai yi lattin awa biyu. Kowa ya yi tsaki. Tsoho ma ya taya su don kada a gane shi, amma a ransa daɗi ya ji. An ƙara masa awa biyu kyauta, a wurin da ba a ba da komai kyauta.

Sai dai Uwargida ba a wurinsa ta kashe su ba. Ta manna hanci a gilashi tana ƙirga jirage. In ta juyo, labarin falon babanta take yi, da makarantar da aka ce akwai lilo a cikinta. Shi aka bari da Ɗan Rigima, wanda ya zubar da ruwansa, ya cire takalmi ɗaya ya jefa ƙarƙashin kujerar wani mai barci, sannan ya yi abin da ya sa uwarsa ta ɗauke shi ta tafi neman banɗaki. Tsoho ya taso ya tsaya kusa da yarinyar. A ƙasa wasu samari na jefa akwatuna a cikin jirgi. Ya ce mata ta duba wancan mai jar hula, da bayansa yake ɗagawa ba da gwiwa ba, ba zai kai shekara goma a aikin ba. Ta yi dariya ba ta juyo ba. Ya dubi kitson da ke bayan kanta, da jan ribbon da aka ɗaure ƙarshensa, ya daɗe yana kallo.

A nan ya yanke shawara. Kujera dai kujera ce. A tasha, wanda ya riga shiga ya aza hularsa, ko direba ba ya ɗaga ta.

Da aka kira su, aka cusa su a doguwar mota ba wurin zama, aka kai su gindin jirgi. Matakala biyu ce, gaba da baya, wani ma'aikaci na cewa masu manyan lambobi su bi ta baya. Tsoho ya yi kunnen ƙashi. Da jaka a kafaɗa, da riga biyu, da ƙarfe a cinya, da shekara saba'in da huɗu, shi ya fara taka matakalar gaba, kuma akwai samari a motar nan, a je a tambaya. Ya ƙirga layi shida. Ya aza hula a kujerar taga, ya aza gammo a ta tsakiya, ya zauna a ta bakin hanya ya harɗe hannu.

'Yarsa ta iso tana haki, ta shige taga da ƙaramin, Uwargida ta zauna a tsakiya ta ɗora gammon a cinya. Minti biyu komai ya yi daidai. Sai ga wani dogon mutum da jakar kwamfuta ya tsaya a kansa, ya nuna katinsa cikin ladabi. Tsoho ya ce ai ya riga shi. Mutumin ya kira ma'aikaciyar jirgi.

Tsoho ya shirya mata. Ya ce ga kujeru can a tsakiya ba kowa, a kai dogon. Ya ce shi ya ga abin da ya fi jirgi. Ya ce yarinya ce, kuma ya rantse mata. Layi ya tsaya a bayansu har bakin matakala, 'yarsa na jan hannun rigarsa. Ma'aikaciyar ta rusuna kusa da kunnensa.

"Baba, jirgin bai cika ba. An raba mutane gaba da baya ne don nauyi ya daidaita. In kowa ya dawo gaba, lodin ya karkace."

Da ta ce doka ce, da sun kwana a nan. Da ta ce kuɗi ne, da ya zage su tas. Amma ta ce lodi. Ya juya ya dubi cikin jirgin, dogo kamar bayan tirela, ya ga inda aka cika da inda aka bari, ya ga lalle wanda ya tsara wannan ya san aiki. Cinyarsa ta yi masa tsami. Shi da ya yi shekara arba'in yana zagin masu danne kaya gefe ɗaya, ba zai zama ɗayansu ba yau, da jikokinsa a ciki.

Amma ɗan dako ba ya rasa dabara. Ya auna dogon da ido ya ce kilo saba'in da biyu. Shi sittin da takwas, da rigar suruki da takalman aljihu saba'in. A fitar da buhu a sa buhu, lodi bai motsa ba. Ma'aikaciyar ta ce gaskiyarsa, in mai kujera ya yarda. Dogon ya ce a yi haƙuri, wani jirgin zai kama a can, dole ya riga kowa fita, shi ya sa ya sayi wannan kujerar. Bai faɗa da wulaƙanci ba, kuma wannan ya fi ciwo.

Sai 'yarsa ta ce to ita za ta koma baya da ƙaramin, Baba ya zauna a tata. Tsoho ya haɗa a ransa, ita hamsin da takwas, Ɗan Rigima sha ɗaya. Ya yi. Ma'aikaciyar ta ce ba laifi, a yi sauri. Magana ta ƙare, rantsuwa ta tsira. 'Yar ta fara miƙewa.

A nan ya ga abu na biyu, kuma wannan ma babu wanda ya gani sai shi. Fuskar Uwargida na wajensa, tana masa murmushi. Amma hannunta na dama ya zame ƙasa, ya damƙi gefen mayafin uwarta, ya naɗe shi a yatsu har suka yi fari. Ita ta sa shi rantsuwa, ba za ta warware da bakinta ba.

Ya tsaya da jakarsa a hannu. Titunan da za ta tsallaka daga gobe, bai san ko sunansu ba. Yatsansa zai koma gida da yamma. Mayafin nan shi zai sauka tare da ita.

Ya ce wa 'yarsa ta zauna. Ya ce shi dama gaba ba ta yi masa ba, wurin ragwaye ne. Ya durƙusa a gaban yarinyar, gwiwarsa ta yi ƙara, ya danna gammon a hannunta na hagu.

"Kin ji abin da matar nan ta ce. Ana neman mai ƙarfi a baya ya danne jirgin kada ya karkata. Duk cikin nan kin ga wanda zai iya in ba ni ba?"

Ta dubi dogon, ta dubi sauran, ta girgiza kai.

"To riƙe min wannan. Kada ki bari wani ya aure ki kafin in dawo."

Layi na ashirin da tara yana jikin banɗaki. Kujerar ba ta kwanciya, gwiwa na dukan ta gaba, ba kowa a gefensa. Ya ɗaure bel kamar yadda aka nuna. Jirgin ya yi ta rarrafe, ya tsaya, sannan ya yi wani ruri ya zabura. Mutumin da ya tashi daga ƙarƙashin buhu sittin, zufa ta karyo masa. Ya miƙa wuya ta tsakanin kawuna, bai hango komai ba sai ƙarshen jan ribbon a saman kujera. Ƙasa ta sake su. Jirgin ya karkata hagu, gidaje suka taso a taga, tsoho ya jingina dama da duk nauyinsa, ya danna ƙafa a ƙasa. Jirgin ya miƙe. Masu ilimi su faɗi abin da suka ga dama. Da ya duba hannunsa, ya ga ya dunƙule babban yatsansa a cikin ɗaya tafin.

Aka buga ƙararrawa, mutane suka kwance bel. Ya yunƙura zai tashi, sai ga amalanken sayar da shayi da biskit ya toshe hanya, yana tsayawa a kowane layi. Bayansa wani ya biyo da turare. Masu zuwa banɗaki suka yi layi a kafaɗarsa. Ya zauna yana jin lokaci na zuba, ba yadda zai tare.

Sai hanya ta buɗe, ya hango ta. Gammo a ka, ledar biskit a kan gammo, hannuwa a sake, tana tafe tana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu, tafiyarsa sak. Mutane na dariya ba su san wa take kwaikwayo ba. Ta iso ta sauke kayanta a cinyarsa.

"Kaka, ka danne shi sosai. Sau ɗaya kawai ya karkata."

Ya ce wannan ma atishawa ce ta kama shi. Ta tambaye shi ko ya ji tsoro. Ya ce shi da tsoro ko gaisawa ba sa yi. Ta taɓa goshinsa ta nuna masa jiƙaƙƙen yatsanta. Ya ce rigar babanta ce mai zafi. Ta hau cinyarsa, ta ci biskit biyu ta ba shi ɗaya, ta kama yatsan nan, kafin ya gama labarin wani jaki da ya taɓa ɗauka a ka ta yi barci.

Bai motsa ba. Ƙafarsa ta mutu, bai motsa ba. Yana jin numfashinta a wuyansa, da ƙamshin man kitsonta, yana kallon farin gajimare shimfiɗe kamar audugar da ba a ɗaure ba. Minti ashirin ko ƙasa da haka. Sai lasifika ta ce kowa ya koma kujerarsa, za a sauka.

Ya saɓa ta a kafaɗa. Layi ashirin da uku ne tsakani. Mutumin da ya yi gudu da buhun kilo ɗari a kan katako, ya tafi kamar mai tausayin ƙasa, yana tsayawa wai yana gyara riƙo. Ma'aikaciyar ta gan shi, ta juya tana rufe akwatunan sama da aka riga aka rufe. Kilo sha tara da kwata. Dogon ya tashi ya ba shi hanya. Ya kwantar da ita, ya ɗaure mata bel, ya tura gammon ƙarƙashin kumatunta. 'Yarsa ta dubi gammon, ta san zanen, ta dube shi. Ya ce mata kada ta soma, ya juya.

Rabuwar ba ta ɗauki lokaci ba. Surukin ya durƙusa ya gaishe shi, ya karɓi rigarsa, yarinyar ta tashi a hannun ubanta da magagin barci, direban haya na danna oda a waje. Ta ɗaga masa hannu da gammon. Ƙofar gilashi ta rufe kanta.

A jirgin dawowa, na'urar nan marar kunya layi na shida ta ba shi. Da ya zauna ya ji wani abu na tokarinsa. Ya sa hannu a aljihun wando, ya fito da takalminta ƙafa ɗaya, na dama, mai igiya a baya.

Yana nan a bakin tagar ɗakinsa. An ce a waya an saya mata sabo, wai ma ƙafar ta ƙaru. Ya ce ya sani, kuma ya san yanzu ta kai kilo ashirin da ɗaya, daga muryarta ya ji. Masu zaman ƙofar gida suna ƙyafta wa juna ido in ya faɗi haka.

To wanda bai yarda ba, gidan ba a ɓoye yake ba. Ya zo da sikelinsa, na ƙarfe ko na lantarki. Ya zo da 'yarsa ko jikarsa mai shekara shida. Tsoho Sikeli zai ɗaga ta sau ɗaya, ya faɗa masa da nawa ta fi Uwargida a ranar jirgin nan, ko da nawa ta gaza. In ya kuskure ko da kwata, mutum ya ɗauki takalmin ya tafi da shi.